Agogon Hedimasta, Takun Modu

Choji ya sa bakin sukundireba a gefen agogon ya ɗan danna, murfin bayan ya ɓalle. Ya leƙa ciki, ya kai shi hanci ya shinshina, sannan ya dubi dattijon da ke zaune a kan bencin rumfarsa.

"Baba, wanka kake yi da shi ne?"

"Alwala dai," in ji Malam Safiyanu, yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Wannan ya wuce alwala. Duba ciki, duk tsatsa. Batir ma ya kumbura."

Rumfar Choji mai gyaran waya tana bakin kasuwar Potiskum, kuma ba Malam Safiyanu ne ya kawo kansa ba. 'Yarsa Raudatu ce ta kawo shi. Nas ce a wani asibiti a Kano, jiya ta sauka, yau tun kafin rana ta yi zafi ta ce sai an duba agogon nan mai ƙirga taku da ta saya masa, wanda ya mutu mako guda ke nan.

"Wai shekara nawa irin wannan yake yi kafin a canza?" ta tambaya.

"Sista, in mutum ya riƙe shi da kyau, shekara biyu, uku. Mai tsada yana kai huɗu. Batir ne yake fara gajiya, caji ba ya daɗewa, sai roban hannu ya tsage. Wannan yaushe aka saya?"

"Wata tara."

Choji ya yi fito. "Wata tara? To Baba soja ne."

"Kai dai bari," in ji Raudatu, fuskarta cike da fara'a. Ta buɗe wayarta ta miƙa masa. "Duba. Taku dubu ashirin da biyar a rana, wata rana har talatin. Kowa a wurin aikinmu ya san Babana. Da shi nake yi wa masu ciwon suga misali."

Malam Safiyanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A cikin takun nan dubu talatin, in an tsananta bincike, nasa bai wuce na zuwa masallacin ƙofar gida ba.

Ba wai bai gwada ba. Lokacin da likita ya ce suga ya kama shi, kuma maganinsa har da tafiyar ƙafa, Raudatu ta ɗaura masa agogon da hannunta, ta haɗa shi da wayarsa yadda duk yamma lissafin zai iso mata Kano. Washegari ya fito da niyyar Allah. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana hedimasta a makarantar unguwar Dogo Tebo ba ya tafiya a ƙasa a garin nan ya sha lafiya. Rabin masu Keke Napep ɗalibansa ne. Bai yi taku ɗari ba wani ya taka birki: "Hedimasta, haba, muna raye? Hau in kai ka." Ya sallami wannan, wani ya tsaya. Kwana uku ana haka, sai ga maƙwabcinsa ya shigo zaure yana sassauta murya, wai ya ji an ce fansho ya tsaya har an sayar da babur, in da abin da za a taimaka kada a ji nauyi. Ranar nan Malam Safiyanu ko tuwon dare bai iya ci ba.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da da ɗalibi ne ya yi ta, da ya sha bulala shida a gaban asambili. Akwai Modu mai ruwa, wani Babarbare mai furfura a gemu da ke zaune a unguwar Yerimaram, wanda ke tura kurar jarkoki daga bohol zuwa gidajen unguwa tun hantsi har la'asar. Malam ya kira shi zaure ya ce agogon gwaji ne, ana son a ga ƙarkonsa, ya taimaka ya riƙa ɗaurawa. Modu bai tambayi komai ba. Murna ma ya yi, ya samu abin duba lokacin salla. Kullum da safe a ɗaura masa, ya sha koko da ƙosai ya wuce, da yamma ya dawo da shi. Agogo ya kwanta kusa da waya, lissafi ya tafi Kano, Raudatu ta bugo tana cewa, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka fi matasa." Shi kuma ya amsa da amin, ba kunya ba tsoron Allah.

Da agogon ya mutu, har durƙusawa Modu ya yi a zaure yana ba da haƙuri, wai ruwa ne ya fantsama masa. Malam ya ɗaga hannu irin na manya ya ce ba komai, ya yafe. Cikin duk abin da ya aikata, wannan yafewar ce ta fi ci masa rai.

"To ina da tambaya," in ji Raudatu, fara'ar ta ragu. Ta saci kallon mahaifinta, sannan ta matso kusa da Choji. "Awon bugun zuciya da yake yi, yana iya yin kuskure?"

"Bugun zuciya kuma?" Malam ya ɗago kai.

"Baba, ban so in faɗa maka ta waya ba. Ba taku kaɗai yake ƙirgawa ba, har zuciya yana aunawa. Wata huɗu ke nan ina ganin abin da bai yi min daɗi ba. Da tsakar rana bugun sai ya haura, ya riƙa tsalle, ya yi kamar zai tsaya. Na nuna wa likitan zuciya na wurinmu, ya ce kada a yi wasa, irinsa ne mutum yana tafe sai ya faɗi. Ya ba mu ranar Litinin. Shi ya kawo ni, ba hutu na zo ba."

Choji ya ga yadda fuskar dattijon ta canza, ya ɗauka tsoron ciwo ne, sai tausayi ya kama shi.

"Baba, kar ka damu. Waɗannan abubuwa in sun fara tsufa ƙarya suke yi. Ruwa ya shiga, wuta ba ya tafiya daidai, sai ya rubuta abin da ya ga dama. Na ga da yawa."

"Har wata huɗu baya?" in ji Raudatu. "Lokacin ai sabo ne."

Choji ya ɗaga kafaɗa. "Kayan zamani, Sista. Wa ya sani?"

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Malam Safiyanu ya ga hanya a buɗe fetal a gabansa: ya bi 'yarsa zuwa Kano ranar Litinin, a auna zuciyarsa a same ta garau, kowa ya ce agogo ne ya tsufa ya yi ƙarya. A jefar da shi a bola, maganar ta mutu tare da batirinsa. Har ya ji numfashinsa ya daidaita, kuma ya ji kunyar wannan sauƙin da ya samu.

Raudatu ta zaɓi sabo a cikin gilashin Choji, baƙi mai faffaɗar fuska. Ta kama hannun mahaifinta ta ɗaura masa, tana ja masa kunne a hankali cewa wannan a cire shi in za a taɓa ruwa, ya kai shekara ukun da aka ce. Ya gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya.

Suna fitowa titi Abatcha ya tsaya da kekensa, ɗalibinsa ne na shekarun baya, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Suka shiga. Raudatu tana ta lissafin motar da za su hau da kayan da zai ɗauka, shi kuwa hankalinsa yana wani wuri. Yana tuna yadda a 'yan watannin nan Modu kan sauke jarka a tsakar gida ya tsaya ya dafa bango, hannu ɗaya a ƙirji, ya ce rana ce kawai. Yana tuna shi da kansa ya ce masa ya riƙa shan zoɓo mai sanyi. 'Ya'ya biyar Modu yake da su a Yerimaram, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Sun shiga Dogo Tebo ke nan ya hango kurar a gindin darbejiya, kan hanya, ba inda aka saba ajiye ta ba. Modu yana zaune a ƙasa ya jingina da taya, hularsa a gwiwa, bakinsa a buɗe. Malam Safiyanu ya kawar da kai. Keken ya wuce gida ɗaya, ya wuce na biyu, ya wuce shagon mai niƙa. Gaskiyar magana, da son ransa ne da sun isa gida.

"Abatcha, tsaya."

Keken ya tsaya. Raudatu 'yar fari ce, kuma shekara talatin da ɗaya bakin mahaifinta bai taɓa furta sunanta ba, don kunya irin ta mutanen da. Tana ƙarama "ke" ce, da ta gama karatu ta koma "Nas".

"Raudatu," in ji shi.

Ta juyo da sauri, kamar wadda aka watsa wa ruwa.

"Zuciyar da kika nuna wa likita ba tawa ba ce. Ta wancan bawan Allah ce." Ya nuna baya da hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Takun ma nasa ne. Duka. Tun makon farko shi nake ɗaura wa."

Abatcha ya kafa ido a kan sitiyari, ya zama kurman ƙarfi da yaji. Raudatu ta dubi mahaifinta, ta dubi sabon agogon da ke hannunsa. Ya jira faɗa, ya jira kuka, ko da tambaya ɗaya ce. Ba ta ba shi ko ɗaya ba. Ta ɗauki jakarta ta sauka, ta nufi darbejiyar da sassarfa, shi kuma ya biyo ta a baya.

Modu ya yunƙura zai tashi da ya gan su, ta ce ya zauna. Ta durƙusa ta kama hannunsa na hagu. Ga shatin agogo nan a wuyan hannun, zobe guda mai haske inda rana ba ta taɓa ba wata tara.

"Hajiya, ke ne mai agogo?" in ji Modu, yana haki. "Ki yi haƙuri. Ni ne na ɓata shi, ruwa ya zuba. Hedimasta mutumin kirki, ya ce ya yafe."

Malam Safiyanu ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba ka ɓata komai ba, Baba Modu," in ji ta. Yatsunta biyu suna kan jijiyarsa, bakinta yana motsi tana ƙirgawa. Da ta gama ta ɗaga hannu ta yafito Abatcha. "Asibiti za mu yanzu. In sun daidaita ka, ranar Litinin akwai likitan da yake jiran ka a Kano. Ya duba bugun zuciyarka na wata huɗu bai san ka ba."

Modu bai gane ba, amma ya gane asibiti, ya girgiza kai. Kurar ba tasa ba ce, ta mai bohol ce, ba ya barin ta a titi. Ga jarka huɗu da suka rage na gidan Ya Kaka ne, tsohuwa ce, tun safe ba ta da ruwan girki.

"Ka tafi," in ji Malam Safiyanu. "Ni zan kai."

Sai a lokacin Raudatu ta dube shi sosai. Ta buɗe baki kamar za ta hana, sai ta fasa.

"A hankali, Baba. In ka gaji ka tsaya."

Keken ya juya ya tafi da su. Malam Safiyanu ya naɗe hannun rigarsa, ya tattare ƙasanta ya soke a ƙugu, ya kama ƙarfen kurar. Ƙarfen ya yi zafi da rana, kurar kuma ta fi yadda ya zata nauyi. Taya ɗaya tana kuka, ruwa yana fantsamo masa a ƙafa. Mai niƙa ya leƙo ya kashe injinsa. Masu zaman ƙofar masallaci suka bar hira suka zuba masa ido, maƙwabcin nan nasa har da miƙewa tsaye. Wani mai keke ya rage gudu.

"Hedimasta, lafiya? Kawo in..."

"Wuce abinka, ɗana. Aiki nake."

Gumi ya jiƙa masa hula kafin ya kai lungun Ya Kaka. Ya tsayar da kurar a ƙofar gidan ya yi sallama, yana numfashi sama-sama. Ya tuna da gargaɗin Raudatu, ya kwance sabon agogon kafin ya taɓa jarka. Fuskar agogon ta yi haske, ta nuna taku ɗari shida da goma sha biyu. Da yamma abin da zai isa wayarta ke nan.

"Mai ruwa, yau ka makara," muryar tsohuwar ta fito daga cikin gida.

Malam Safiyanu ya jefa agogon a aljihu, ya rungumi jarkar farko.

"A yi haƙuri, Ya Kaka," in ji shi. "Na makara ƙwarai."