Wayoyi Tsirara a Ɗakin Gogo

Tun da aka yi wa Gogo Sittana aikin ido, hasken ƙwan ɗakinta ya zama mata azaba. Jikarta Ni'mat, wadda ke karatun lantarki a Khartum, ta sayo makunnin zamani a Kasuwar Umdurman, irin wanda ake rage haskensa ta wayar hannu.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Ƙwan ɗaya ne amma makunninsa biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a jikin gadon ƙarfen Gogo, wayoyin da suka haɗa su kuma duk jajaye. Sai an kashe babban makunnin gidan, shi kuwa yana cikin shagon Dogo, yayan Ni'mat, wanda ya kulle ya tafi kasuwar Suk al-Shabi. Ni'mat ta ce a jira shi.

Ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar da mahaifinta, Jibirin, ya kwance makunnan biyu. Wayoyi tsirara suna lilo kusa da kan gadon, tsohuwa na barci. Shi kuma yana feɗe wata da haƙori.

Ta dire ruwan. "Baba, ka kashe babban?"

"An ɗauke kahraba, 'yar boko. Babu wuta sai la'asar."

"Wa ya yi maka alkawari?"

"Duk Umbadda haka ake aiki. Ma fi mushkila, ba matsala."

Haka ake aiki. Da wannan maganar unguwar ke rufe kowace jana'iza. Ni'mat ta dubi fankar da ke tsaye, ta dubi wayar da ke shafar ƙarfen gadon. Ɗaga Gogo ba zai yiwu ba, likita ya hana a girgiza ta. Ta kira Dogo, bai ɗauka ba.

Ta suri taɓarya a tsakar gida, ta nufi shagon.

"Ke, kwadon yayanki ne fa," in ji Jibirin.

Dukan farko ya kuskure. Ta yi ta bugu har kwadon ya saki, ta kutsa tsakanin buhuna, ta ja babban makunnin ƙasa, ta kashe shi.

Ba ta gama fitowa ba rediyon maƙwabta ya kama magana, yara suka ɗauki sowa a lungu, wuta ta dawo.

Jibirin na tsaye, wayar har yanzu a bakinsa. Ya zare ta a hankali, ya ajiye.

Gogo ta motsa. "Kun gama?"

"Tukuna, Inna," in ji shi. Ya miƙa wa Ni'mat sukurdireba. "Wacce kika ce za a fara gwadawa?"