Ƙodar Yaya

Kwana uku da yi mini dashen ƙoda, wajen sha ɗaya na safe, mijin yayata ya turo ƙofar ɗakin da aka keɓe ni. Takunkumin fuskarsa na rataye a haɓa. Nas ɗin da ke canza mini ledar ruwa ta ce ya rufe hancinsa, ya rufe bai ko kalle ta ba.

"Sun mayar da ita tiyata," ya ce. "Jini ne ke zuba ta ciki."

Yaya yake nufi, babbar yayata, wadda ƙodarta ta hagu ke aiki a cikina a lokacin. Shekara biyu na yi ina zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, har shagona na gyaran firji ya kusa mutuwa. Da aka gwada jinin 'yan gidanmu, nata kaɗai ya dace. Tela ce, 'ya'yanta uku. Ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta zo ta sa hannu a takarda. Mijinta, da kowa ke kira Dattijo saboda muƙaminsa a coci, bai hana ba, amma bai taɓa nuna mini ya ji daɗi ba.

Ni kuwa rabona da coci shekara goma sha biyar. Ban yi faɗa da kowa ba. Wata Lahadi ce kawai na ce wa Mama ban yarda da abin da ake faɗa a can ba, kuma ba zan ƙara zama ina gyaɗa kai ba. Tun daga ranar kowa a gidan ya koyi kewaye maganar.

Dattijo ya jawo kujera har ta daki ƙafar gado.

"Auta, ba ni hannunka."

Na miƙa masa wanda ba allura. Ya riƙe shi gam.

"Yi addu'arka, ina ji," na ce.

"Ba ni zan yi ba, kai za ka yi. Buɗe baki ka gode wa wanda ya mutu dominka a kan gicciye, sannan ka roƙe shi ya bar mini matata."

"Dattijo, ka san..."

"Na sani! Wa ya kai ni sani?" Ya matse mini yatsu. "Mutum biyu suka ba da jikinsu saboda kai. Ɗaya ya ba da rai, ɗaya ta ba da ƙoda. Ka karɓi ta biyun da hannu bibbiyu, na farkon ka ce tatsuniya ne. Wane irin butulci ne wannan?"

Ina ganin Yaya a raina kwance ƙarƙashin fitilun nan masu kashe ido, an sake buɗe ɗinkin da bai ko fara kamewa ba.

"Na Yaya na gani, ga shi nan a cikina," na ce a hankali. "Wancan ban gani ba, ban kuma roƙi kowa ya mutu mini ba. In na faɗi abin da kake so, ƙarya zan yi, kai ma ka sani."

"Ita ma ba ka roƙe ta ba."

Gaskiya ya faɗa. Sau biyu ma na ce mata ta bari.

"To yi ƙaryar," ya ce. "Yi ta saboda ita. Me zai rage ka?"

Na'urar da ke gefen gadona ta fara ƙara da sauri. Nas ta dubi lambobin, ta zagayo ta tsaya tsakaninmu.

"Baba, jininsa na hawa. Fita waje."

"Bari ya faɗa tukuna."

"Na ce ka fita, ko in kira masu gadi."

Ya saki hannuna. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ja zur.

"In wani abu ya same ta, kai ka san abin da za ka gaya wa 'ya'yanta."

Awa biyu da minti arba'in na yi ina kallon agogon bango. Duk gadon da aka turo a baranda sai in ɗaga kai in duba. Na yi ta juya maganarsa. Addu'ar nan kalma nawa ce? Ba ta kai goma ba. Ba kowa a ɗakin, ba mai ce mini munafuki. Har na buɗe baki sau ɗaya, amma abin da ya fito shi ne, "Yaya, kar ki yi mini haka." Na yi kuka har ɗinkina ya fara zafi, nas ta zo ta danna mini matashi a ciki ta ce in riƙe.

Bayan azahar likita ya leƙo, hular tiyata a hannu. Wata ƙaramar jijiya ce ta kwance, sun ɗaure ta, sun ƙara mata jini leda biyu. Ta farka, har ta tambayi ko ina yin fitsari.

Sai da aka ƙara kwana biyar suka yarda aka tura ni ɗakinta a keke. Ta rame, leɓenta ya tsattsage. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ga ka nan fes, ni kuwa kamar tsumman goge keke. Ka iya zaɓen kaya, Auta."

"Dattijo ya gaya miki?"

"Ya gaya mini, na kuma yi masa tas. Ana shiga wa marar lafiya da irin wannan?" Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Amma akwai abin da shi ma bai sani ba. Ran aikin nan da safe na gudu."

"Kika gudu?"

"Na shiga banɗaki na cire rigar asibiti, na sa kayana har da takalmi. Niyyata in bi ta ƙofar baya in hau mota. Na tuna yarana, na ce wannan ƙanen nawa mai taurin kai ya ci gaba da wankinsa. Minti ashirin ina zaune a kan murfin masai. Sai na tuna Yesu ma ya ji tsoro kafin a kama shi, kuma da hanyar gudu a gabansa, bai bi ba. Shi ke nan na cire takalmin."



"Ashe ba don ni kika yi ba," na ce, ina neman abin dariya.

"Don kai mana, sakarai. Amma ba kai ka tsayar da ƙafafuna ba."

"Kina so in gode masa?"

"Ina so. Ba zan ɓoye maka ba, kullum ina so." Ta runtse ido. "Amma ba tarko na ɗana maka da ƙodar nan ba. In ka faɗa don ita, zan gane, kuma zai fi yi mini ciwo."

Bayan mako shida cocinsu suka shirya sujadar godiya. Na je saboda Yaya, na zauna a bencin ƙarshe da takunkumi a fuska. Ban san Dattijo ya ba da sunana ba sai da fasto ya ce wanda aka ceto ya fito ya ba da shaida. Kowa ya waiwayo. Mama ta dafe ƙirji. Yaya ta harari mijinta, shi kuwa ya kafe ido a kan bagade.

Na taka zuwa gaba. Aka ba ni makirfo.

"Na gode wa yayata," na ce. "Ta ba ni abin da ba zan iya mayarwa ba. Ta gaya mini labarin gicciye ne ya ba ta ƙarfin zuciya ranar da tsoro ya kama ta. Ni ban gaskata labarin ba, ba zan tsaya a gabanku in yi ƙarya ba. Amma na san da ba ta riƙe shi ba, da ba na nan yau. Na gode wa duk wanda ya koya mata shi. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Wata tsohuwa ta ce amin ita kaɗai, wani a baya ya yi tsaki. Fasto ya karɓi makirfo ya ɗaga waƙa da sauri.

A waje Dattijo ya tare ni kusa da mota.

"Wannan ba godiya ba ce."

"Ita ce nake da ita."

"Ka kunyata ni a gaban jama'a."

"Kai ka kira ni gabansu."

Mama ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata. Yaya ta koma kan kekenta bayan wata uku, ni ma na buɗe shago, sai dai an hana ni ɗaga firji. Ni da Dattijo har yau ba mu daidaita ba, amma shi ke kai mu asibiti duk wata a duba mu, Yaya a gaba, ni a baya. A zuwanmu na ƙarshe, muna tsaye a danja, ya yi magana bai juyo ba.

"Ina nan ina yi maka addu'a, ko ka so ko ka ƙi."

"Na gode," na ce.

Ya dube ni ta madubi yana neman alamar ba'a. Ya buɗe baki zai ƙara wata.

"Ku biyun nan ku yi mini shiru," in ji Yaya. "An ba da hannu, ja mota."