Siminti a Kan Zanen Kaka

Magini na shafa cokalin siminti na ƙarshe a fuskar zaure, Hajara na tsaye a kansa da hannu a ƙugu, kai ka ce ita ta koya masa aikin.

Gobe ɗanta Ɗanƙarami zai iso daga Malta, wata 'yar mitsitsiyar ƙasar Turai a tsakiyar teku. An ce can ba gero ba gyaɗa, baƙi kawai suke nomawa. Shekara shida yana ɗaukar jakunkuna a otel. Yanzu uwargijiyarsa, wata Madam mai kai mutane yawon buɗe ido, za ta biyo shi ta ga unguwar Birni. In wurin ya yi mata, za ta riƙa turo baƙi Damagaram, shi ne jagoransu, ya dawo gida ke nan. Hajara kuwa wannan dawowar ce kaɗai a ranta.

To, baƙuwa tun daga Turai, a tarbe ta da bangon laka mai zanen zamanin kakan miji? Hajara ta sa aka lulluɓe shi kaf, da safe aka bi da shuɗin fenti.

Da hantsi taksi ya tsaya. Ɗanƙarami ya dubi bango, gaisuwa ta ɓace masa.

"Inna, ina zanen?"

"Yana ciki. Ba inda ya je."

"Hotonsa na nuna mata, shi ta biyo. Can ƙasarsu tsohon gini ake nuna wa mutane, su yi layi."

"Don ba a gyara ba?"

"Don ba a gyara ba, Inna."

Madam ta dubi wayarta, ta dubi bango, ta sake duban wayar.

Hajara ko gezau. A duk layin gida ɗaya ya rage da zanensa, na Sakina, wadda shekara uku ba sa magana da Hajara a kan wata akuya da ta cinye shanyar kuɓewa. Jiyan nan ma a bakin famfo Hajara ta ce jemagu ne kawai ke son gidan.

Ta gyara mayafi. "Ce wa Madam ta biyo ni."

Suka tarar da Sakina a zaure, labari ya riga su isa.

"Salamu alaikum, 'yar uwa."

"Yau kuma 'yar uwa? Yi a hankali, Hajara, kada jemagu su ɓata miki mayafi."

Hajara ta rage murya. "Yaron ne nake so ya dawo gida."

Sakina ta dubi Ɗanƙarami, wanda ta sha goyawa yana jariri. Ta dubi Madam, wadda tuni ta durƙusa gaban bango tana ɗaukar hoto. Sai ta janye tabarmarta gefe.

"Su shigo. Amma duk zuwan baƙi, ke za ki share zauren nan."

Hajara ta karɓi tsintsiya, ta sunkuya, ta ce dama sharar Sakina ba ta taɓa yi mata ba.