Rabin Fuskata

A gidanmu, ranar Asabar da yamma ba a kunna talabijin, ba a fita yawo. Zanen hoto ake yi. Maigida ne ya kawo mana wannan tun yara suna ƙanana. Direban motar ma'aikata ne a wani kamfanin kwali, kuma a zaman jiran da yake yi a bakin ƙofar kamfanin ya koya wa kansa zane a bayan yagaggun kwalaye. Daga baya ya sayo fensira da farar takarda da 'yan gwangwanayen fenti, ya yanka wa kowa katakon da zai ɗora a cinya. Ba mu taɓa sayar da ko ɗaya ba. Bangon falo ne kasuwarmu, kuma ya cika har bayan ƙofa.

Dokokinsa biyu ne. Kowane mako mutum ɗaya zai hau kujerar katako a gaban taga, saura su zana shi, kuma wanda ke kan kujerar ba ya motsi, ba ya magana, sai Maigida ya ƙwanƙwasa fensir a katakonsa. Ta biyu, ba a kushe zanen kowa. In an juyo da takardu, sai ka nemi abu mai kyau ka faɗa, ko da an mai da kai akuya.

Ran nan layi ya zo kaina. Yaya, babbar 'yarmu, ta zo daga gidan mijinta da jaririyarta, ta kwantar da ita a kan kushin. Dogo, mai bi mata, ya rufe shagonsa na gyaran waya da wuri. Auta ta riga ta feƙe wa kowa fensir.

"Mama, yau dai kar ki yi mana gyangyaɗi," in ji Dogo. "Wancan karon na fara ki ido biyu, na ƙare ki ido rufe."

"Kai da kowa ka zana sai ya fito kamar buhun gawayi," in ji Auta, "me ruwanka da ido?"

"Doka ta biyu," Maigida ya ce, bai ko ɗago ba.

Yaran uku suka jeru a gabana. Shi kuwa ya ja kujerarsa can bayansu kusa da ƙofa, inda ya saba zama, wai daga nesa ake ganin mutum. Don haka duk idon ɗakin a kaina yake, ni kaɗai ce nake kallonsa.

Aka yi shiru, sai ƙarar fensira. An ɗan jima wayar Dogo ta yi kuka a kan tebur. Maigida ya harare shi, Dogo ya kife ta da sauri. Yana mai da ido kan takardarsa na ga katakon Maigida ya karkace. Hannunsa na hagu da ke riƙe da shi ya zame, ya sauka gefen kujera yana lilo. Bakinsa ma ya saki ta wannan gefen, kamar rigar da aka rataya da ƙusa ɗaya.

Na cije leɓe don kar in yi dariya. Halinsa ne. Yakan laɓe bayan yara ya dinga murguɗa baki don ya sa na kan kujera ya ɓare da dariya, sannan shi ne na farkon cewa an karya doka. Na ce a raina, yau ba za ka same ni ba.

Na jira ya gaji ya mai da fuskarsa. Bai mayar ba. Ya tokare katakon da cikinsa, ya ci gaba da zane da hannun dama. Wani siririn miyau ya biyo gefen bakinsa ya sauka a wuyan rigarsa, bai share ba. Mutumin da ko ɗigon shayi ya taɓa masa riga sai ya canja ta.

Dariyar ta gushe mini.

"Mama, saki fuska mana," Auta ta ce. "Kin ɗaure kamar wadda aka kawo wa sammaci."

Ni ba mai yawan magana ba ce. Tun da na shigo gidan nan aikina saurare, kuma ban taɓa katse shi a gaban 'ya'yansa ba. Na yi ta gaya wa kaina: yanzu zai kashe mini ido, yanzu zai yi dariya. Ina zaune ƙiƙam, su kuma suna auna hancina da fensir.

Can ya ɗaga fensir zai ƙwanƙwasa. Na farko ya sauka a iska, na biyu ya sami katakon.

Aka juyo da takardu. Ban ko kalli na yaran ba. A takardar Maigida akwai ido ɗaya, kunne ɗaya da ɗan kunnensa, rabin hanci, rabin baki, kafaɗa ɗaya, duk an zana su tsaf kamar yadda ya saba. Daga tsakiyar takardar zuwa hagu kuwa fari fat.

Yaran suka kalli juna.

"Kunnen ya fito sosai, Baba," in ji Auta.

"Sabon salo ne," in ji Dogo. "Sauran sai mako mai zuwa ke nan?"

"Wane saura?" Maganarsa ta yi nauyi, kamar mai tauna ƙuli-ƙuli a baki. "Ga uwarku nan cif."

Suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Takardar suke kallo, ba shi ba. A daidai nan jaririya ta farka da kuka, Yaya ta juya ta ɗauke ta.

Maigida ya miƙe, katakon ya faɗi ƙasa bai waiwaye shi ba. Ya zaro makullin motarsa daga aljihu.

"Taso in kai ku gida," ya ce wa Yaya, "kafin hanya ta cika."

Da zai fita, kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙyauren ƙofa har hotunan da ke bango suka girgiza. Ya wuce yana jan ƙafa. Yaya ta rataya jaka ta bi bayansa da yarinya a kafaɗa.

Abin da na gani a idona ke nan: babban titi, manyan motoci, mutumin da rabin duniya ya ɓace masa yana riƙe da sitiyari, 'yata da jikata a baya. Na sauko daga kujerar na bi su.

"Maigida, tsaya."

Ya tsaya a tsakar gida. Ina tsaye daf da shi ta hagunsa, amma ya juya dama yana nemana.

"Ina kike?"

Dariyar da ta rage a fuskar Dogo ta ɗauke.

Na zagayo gabansa. "Ɗaga hannuwanka biyu in gani."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ɗaga dai."

Ya ɗaga na dama da makulli a ciki. "Ga su."

"Ɗaya ka ɗaga, Baba," Auta ta ce.

"Biyu na ɗaga."

Dogo ya kamo hannun hagun ya kawo masa gaban idonsa. Maigida ya dube shi, ya dubi Dogo.

"Kai, ɗauke hannunka daga jikina."

"Naka ne, Baba. Ga agogonka a jiki."

"Ka ga mini yaro. Ni ban san hannuna ba?"

Yaya ta ƙanƙame jaririyarta ta ja da baya. "Baba, bari mu hau ta haya."

"Ina raye jikata ta hau motar haya? Shiga mu tafi."

Ya nufi motar. Ba wanda ya taɓa karɓar abu daga hannunsa a gidan nan, kuma na ga Dogo ya miƙa hannu ya mayar. Maigida ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya yana lalubar inda zai sa ƙafa. Ban san lokacin da na kutsa ta ƙarƙashin hannunsa ba. Na zauna a kujerar direba, na rungume sitiyari da hannu biyu. Ni da ban san birki da totur ba.

"Fito."

"Ba zan fito ba."

"Ke, lafiyarki?"

"Tawa ƙalau. Taka ce babu. Asibiti za mu."

"A gaban yara kike mini haka?"

"A gabansu."

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga da kwano a hannu. Mai shagon kan kwana ya fito ya tsaya. Ina jin idonsu a jikina, amma ban saki ba. Maigida ya kama hannun rigata zai ja, sai ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe. Dogo ya tare shi kafin kansa ya kai ƙasa. Makullin ya faɗi, Auta ta tsince shi.

Mai shago ya taimaka aka shigar da shi baya, na koma kusa da shi na tallafe kansa. Yaya ta miƙa wa maƙwabciya jaririyar ta shigo. Dogo ya zauna gaba. Ya iya tuƙi, amma uban bai taɓa barinsa ya ko tayar da motar nan ba. Auta ta shigo ta miƙa masa makullin, ya tayar.

A hanya Maigida bai daina magana ba. "Rage wuta. Wa ya ba ka mota? Ba ka ga mai keke ba?" Tun ana gane kalmomin har suka fara narkewa cikin juna. Na riƙe hannun hagun a cinyata. Da ɗumi, da nauyi, amma ba kowa a cikinsa. A kowace danja sai in sa kunnena kusa da bakinsa in ji ko yana numfashi.

A asibiti aka ɗora shi a gado mai taya. Likitar mace ce, ƙarama, ba ta girmi Yaya ba. Ta ce ya yi murmushi, ta ce ya ɗaga hannu, ta kaɗa yatsu ta hagunsa bai ko ƙifta ba. Aka tura shi ɗaukar hoton kai, ita kuma ta juyo gare mu.

"Yaushe abin ya fara?"

"Lafiya lau yake," in ji Yaya. "Muna zane ne, sai da ya tashi..."

"Ku yi tunani sosai. In jini ne ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi. Amma tana da lokaci. In ya wuce, ko ba mu san lokacin ba, ba zan yi ta ba, don tana iya jawo abin da ya fi wannan. Wa ya gan shi daidai na ƙarshe?"

Duk yammacin nan yaran suna ɗaki ɗaya da shi, amma bayansu suka ba shi.

"Ni na gani," na ce. "Ina kallonsa ya fara. Wayar yaron nan ta yi kuka, ya harare shi da fuskarsa daidai. Ana kife wayar hannun ya faɗi."

Dogo ya zaro wayar, ya nemo kiran, ya nuna mata. Ta duba, ta dubi agogon bango.

"Kin tabbata, Mama?"

"Ba abin da nake yi a lokacin sai kallonsa."

Ta juya da sauri, ƙofa ta rufe a bayanta.

Muka zauna a benci. Auta tana kuka ba sauti, har yanzu da baƙin fensir a gefen hannunta. Yaya ta ce, "Mama, kin gani tun a lokacin?" Na ce na gani. Ta kama hannuna. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan da farar riga sai in miƙe tsaye. Wata ma'aikaciya ta fito da takalmansa da agogonsa a leda ta miƙa mini, na kasa karɓa, sai da ta ce, "An yi allurar, Mama. Kayan ne kawai suka tare mana wuri."

Washegari da safe aka bar ni na shiga, Auta na biye da ni. Yana kishingiɗe, bakin ya ɗan koma, ba duka ba. Likita ta tare ni a bakin gado ta ce an zo a kan lokaci, hannun ya fara motsi, amma maganar tuƙi a ajiye ta tukuna. Ta ce gefen hagu zai riƙa ɓace masa, sai an koya masa juyawa ya neme shi.

Na zauna ta damansa. Auta ta zagaya ɗaya gefen ta tsaya jikin taga.

"Kin tara mini unguwa," ya ce. Maganar a hankali take fita, amma ana ganewa.

"Na tara."

Aka kawo masa burodi da ƙwai a faranti. Ya ci na gefen dama tas, ya ture farantin. "Abincin nasu kaɗan ne."

Na juya farantin, ragowar ta dawo damansa. Ya dube ta.

"An ƙaro ne?"

"A'a. Juyawa na yi. Yana nan tun ɗazu, ba ka gan shi ba ne. Juya kanka hagu, Maigida. Ƙara. Ƙara dai."

Ya yi ta juyawa a hankali, jijiyar wuyansa ta miƙe, har idonsa ya sauka a kan Auta.

"Ke kuma," ya ce, "yaushe kika zo?"