Allo Ɗaya, Sashe Uku

"Taka a hankali, Mamman, ba buhun gero ka ɗauko ba!"

Dakta Sada ne ke wannan ihun daga bayan akori-kura, babbar rigarsa ta shadda a naɗe a kafaɗa, ya rungume wani ƙaton allon gilashi da aka lulluɓe da bargo. Dakta Mamman, malamin ilimin sinadarai kuma mai motar, ko waiwayowa bai yi ba. Ya bi ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, hanyar da ba a taɓa bi da baƙo ba tun da aka kafa jami'ar, don ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Duk ramin da suka faɗa sai Sada ya ji wani abu na ƙas-ƙas a cikin bargon, ya ce a ransa shi ke nan, wata ƙusa ta kwance.

Bara ne wani asusu a Abuja ya yi shelar tallafi ga malaman jami'a masu sabuwar dabarar koyarwa. Sada, wanda ke sashen labarin ƙasa, ya zauna ya tsara takarda mai daɗin karatu a kan allo mai ƙwaƙwalwa, irin wanda ake taɓawa da yatsa ya nuna maka kogi tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku. Mamman ya ari takardar wai don ya ga tsari, ya cire kogi ya sa sinadari. 'Yan sashen lissafi ma suka zo ganin tsari. Allah da ikonsa, duka ukun aka ba su.

Sai dai kafin kuɗin ya gama ratsa ofisoshi ya iso Katsina, farashin allo ya yi tashin gwauron zabi. Abin da aka ba kowane sashe ko ƙafar allon ba zai saya ba. Suka haɗa nasu wuri guda, suka sayi ɗaya, wani mai walda ya sa masa tayoyi. Yau yana lissafi, gobe yana sinadarai, jibi yana wurin Sada, har ɗalibai suka laƙaba masa suna Bafatake. Babu wanda ya ci ko sisi, wannan kam gaskiya ne. Amma sharaɗin asusun ƙarara yake: kowane sashe da allonsa, wanda kuma ya saɓa za a soke tallafinsa a kai sunansa gaban hukumar jami'a. Ga takardun ƙarin girman Sada suna can suna jira, tallafin nan ne jigonsu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne matarsa ta riga ta fara kiransa Farfesa a gaban maƙwabta a Ƙofar Durbi.

To, yau ce ranar wanka. Asusun ya aiko Hajiya Madina, wata dattijuwa mai tabarau da ƙarancin magana, ta ga alluna uku da idonta. Shugaban tsangaya, Farfesa Babaji, shi ya tsara yadda za a ɓoye cibi: baƙuwa ta bi ta gaba a ƙafa, allo ya bi ta baya a mota, shi kuma zai riƙe ta da gaisuwa a tsakani. Babu wanda ya yi shakkar wannan ɓangaren, domin Farfesa Babaji mutum ne da in ya tare ka a bakin masallaci bayan azahar, to ka yi alwalar la'asar kawai. An nuna mata allon a lissafi da koren ƙyalle a gefensa, an nuna mata shi a sinadarai da shuɗi. Saura zango na ƙarshe.

Mamman ya taka birki har goshin Sada ya daki bargo. Garken shanu ne ya cika hanya, farare tas, suna tsallakawa cikin natsuwa irin ta waɗanda ba su da takardar ƙarin girma a ko'ina. Makiyayin, wani dogon dattijo da sanda a wuya, ya ɗaga musu hannu ya ci gaba da tafiyarsa.

Sada ya laluba waya da hannu ɗaya ya kira Babaji. "Ranka ya daɗe, shanu sun tare mu. A ƙara gaisuwa."

Babaji bai amsa ba, bai kuma kashe wayar ba, sai ya jefa ta aljihu. Daga can Sada ya riƙa jiyo muryarsa.

"Hajiya, ban ma tambaye ki ba, ya kika baro mutanen Abuja? Madalla. Ya zafin nan namu? To, lokacinshi ne. Ya yara? Ya masu jiki? Af, wai ashe ke 'yar Ƙofar 'Yandaka ce? Ikon Allah! Ba dai gidan marigayi Alhaji Yari mai goro ba? Kawunki ne? Innalillahi! Ya muka ji da haƙuri?"

"Farfesa, ai ya daɗe da rasuwa. Ina sakandare lokacin."

"Mutuwa ba ta tsufa, Hajiya. Jama'a, a tsaya mu yi mashi addu'a."

Duk da halin da yake ciki sai da dariya ta kufce wa Sada. Kafin a shafa fatiha saniyar ƙarshe ta wuce. Lokacin da suka isa bayan ajin Sada, Babaji ya gama da kawu ya koma kan kaka.

Ɗalibai suka taya su sauke Bafatake ta ƙofar baya, aka yaye bargo, aka tura shi ƙarƙashin tebur, aka ɗaura jan ƙyalle. Sada ya warware rigarsa, ya share zufa da hannun riga, ya roƙi aji don girman Allah kada wanda ya yi dariya. Mamman ya koma can baya ya zauna kamar bai taɓa ganin allo ba a rayuwarsa.

Hajiya Madina ta shigo, Babaji na biye da ita muryarsa ta dusashe. Sada ya gaishe ta a taƙaice, ya taɓa allo. Nan fa ya manta da tsoro, don koyarwa kam ya iya ta. Ya buɗe taswirar Katsina, ya ja ta da yatsa har ganuwa ta fito, ya kira wata ɗaliba ta zo ta nuna inda ruwa ke taruwa a unguwarsu da damina, da dalilin da ya sa. Hannaye suka tashi ko'ina. Hajiya ta zauna har aka gama, tana gyaɗa kai.

"Ma sha Allah," in ji ta. Ta miƙe, ta zagaya bayan allon, ta miƙa hannu wurin ƙugiyar da ake rataye waya, ta zaro wani baƙin carbi. Ta kaɗa shi sau ɗaya. Ƙas-ƙas.

Sada ya ga ƙarin girma ya tashi sama, ya ga maƙwabtan Ƙofar Durbi ɗaya bayan ɗaya.

"Tun a sashen lissafi na rataye shi," ta ce, tana naɗa shi a hannu. "Da na gan shi a sinadarai sai na ce bari in bar shi ya ƙarasa ziyara. Na gode da kuka kawo mani shi lafiya."

Wani ɗalibi ya ƙyalƙyale a baya, ajin duka ya ɗauka. Babaji ya buɗe baki, wataƙila zai tambayi lafiyar carbin ne, ta ɗaga masa hannu.

"Farfesa, a garin nan aka yanke cibiyata. Na san gaisuwar girmamawa, na kuma san ta jan lokaci. Amma kawuna ya samu addu'a, ban yi asara ba." Ta juyo ga Sada. "Dakta, mi ya sa?"

Sada ya faɗi gaskiya, tun daga farashi har mai walda. Kunya ta kama shi ƙwarai, ba don ƙaryar kaɗai ba, har da yadda aka kama ta cikin sauƙi.

Ta shafa gefen allon inda fenti ya goge saboda hannaye. "Wurare da yawa na je. Allunansu na nan cikin leda a ofishin shugaba, an kulle, kada ɗalibai su lalata. Wannan kuwa ya sha aiki. Abin da na gani shi zan rubuta: allo ɗaya, sashe uku, kuma ana karatu. In ana neman sabuwar dabara, to ga ta. Ba za a soke tallafinka ba."

Sada ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya fara jero godiya har yana neman zama Babaji.

"Dakata, ban gama ba," ta ce. "Sashen noma da na kiwon dabbobi sun nemi nasu allon bana. Tunda kun nuna mana ɗaya na isa, ba sai an saya masu ba. Ku sa su cikin zagayen. Kai ne shugaban tsarin."

Sashen noma kuwa can ƙarshen jami'a yake, bayan kwari, inda ko ramukan kwalta babu don babu kwaltar.

Bayan baƙuwa ta tafi, Mamman ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo bargon, ya kakkaɓe shi, ya miƙa wa Sada da hannu biyu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, Farfesa," ya ce, "hau baya mu tahi."