Hoton da Aka Hana Shiga

Ana idar da sallar magariba Saude ta haye dutsen da ke bayan gidansu a Roni. Ta tokare tsohuwar wayar mijinta da duwatsu biyu, ta saita ta sama. Bakwai da minti tara, haka manhajar wayar ta nuna zai wuce. Sai ga shi ya ɓullo daga yamma, ɗigon haske mai tafiya a natse, ba ƙyaftawa, ba ƙara. Ta danna, ta riƙe numfashi har ya ɓace.

Mijinta Musaddiƙ malamin kimiyya ne a sakandare. Shekara uku yana farautar wannan kumbo na sararin samaniya, wanda ya ce mutane na zaune a cikinsa, bai samu hoton da ya gamsar da shi ba. Ita kuwa tsokanarsa take yi, wai tuwo na hucewa saboda tauraro.

Da aka sace shanun wani attajiri, sai gari ya tuna da mutumin da ke hawa dutse da almuru yana ɗaga waya. Aka ce ɓarayi yake yi wa ishara. 'Yan sintiri suka tafi da shi. Wata goma sha huɗu ke nan yana tsare a gidan yari, ko sau ɗaya ba a kira shari'arsa ba.

*

A Kazaure aka wanke mata hoton: farin zare miƙe a kan baƙin fili. Ranar ziyara ta ɗora shi a kan ledar ƙuli-ƙuli.

Mai tsaron ƙofa ya jujjuya shi. "Taswirar ina ce wannan?"

"Ranka ya daɗe, sama ce."

"Ba ta shiga." Ya cusa shi a aljihu.

Musaddiƙ ya fito bayan ragar ƙarfe, rigar ta yi masa yawa. Bai tambayi abinci ba.

"Kin gan shi?"

"Na ɗauka, Malam. Ya fito tas. Sun hana ni shigowa da shi."

Ya matso kusa da ragar. "Mu tun la'asar ake kulle mu. Na manta kalar magariba, Saude. Ta ina ya bi?"

Ta ɗora yatsa a kan ragar. "Nan yamma ce. Ta saman kukar gidan Ma'u ya taso."

Ta fara jan yatsan a hankali, shi kuma yana binsa da ido, bakinsa a ɗan buɗe. Aka buga ƙararrawar tashi yatsan bai kai gabas ba.