Alhaji Edward

A ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta Tudun Wada, kana iya cin dunduniyar mutum ya yafe, amma ka kuskura ka rubuta sunansa babu laƙabi, har jikokinka sai sun ji labari. Sakataren bara kujerarsa ta tafi ne saboda ya manta da "Injiniya" a gaban sunan wani. Shi ya sa da aka ɗora wa Malama Suzana riƙon kujerar kafin zaɓe, muka yi mata jaje maimakon murna.

Ita kuwa tana son kujerar, ba ta ɓoye ba. Ta yi shekaru tana raba lemo a taro, maza na zaune a babban tebur, abin ya ishe ta.

Aikinta na farko shi ne shirya hotunan 'yan ƙungiya da za a haska da majigi ranar taron shekara, kowa da shafinsa, suna a ƙasa. Sunayen manya ne a sama, kuma duk alhazai ne. Ta buga "Alhaji", ta buga "Alhaji", har yatsunta suka gaji. Sai ta tuna da makro, wato ɗan umarnin da ake koya wa kwamfuta aiki da shi sau ɗaya ta yi ta maimaitawa. Ta ce mata duk namijin da ba shi da laƙabi a sa masa Alhaji, mace Hajiya. Ta danna, ta duba shafukan farko, ta ga komai tsaf, ta rufe ta tafi cefane kasuwar Kwangila.

Ranar taro ɗakin ya cika maƙil. Shugaba, Alhaji Nagoda, ya fito a bango da babbar riga, aka tafa. Manya suka wuce lafiya. Daga nan sai ga hoton Edward, wanda ya tsufa yana kaɗa molo a coci, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: ALHAJI EDWARD.

Can baya wani ya ce, "A'a, Edward, yaushe a gari? Ina tsarabarmu?"

Edward ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Dariya ta ɓarke. Hajiya Mirabel ta biyo baya, sai Alhaji Wisdom. Isiyaku mai facin taya, wanda tafiyarsa mafi nisa Kaduna ce, da ya ga Alhaji a gaban sunansa, ya ruga gaba da waya yana roƙon a tsayar da hoton ya ɗauka ya kai wa matarsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Nagoda ya sayar da gona kafin ya je Makka, kuma ba ya bari a manta. Ya karɓi lasifika.

"Malama Suzana, wannan wane irin wulaƙanci ne? Mu da muka sha rana a Arfa, a jera mu da masu molo? Ki gyara yanzu, ko kuwa kada ki wahalar da kanki da tsayawa zaɓe."

Suzana ta tashi, ta je gaban kwamfutar, ta ɗora yatsa, sannan ta waiwayo.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne, a yi haƙuri. Dannawa ɗaya ce, ya wuce. Sai dai ita wannan aba ba ta san wanda ya je da wanda bai je ba. In na danna, duka za ta share."

"Duka kamar yaya?"

"Har naka, Alhaji. Sai Nagoda kawai."

Alhaji ya kalli bangon. Ya kalli babban tebur, inda sauran alhazan suka sunkuyar da kai kowa na gyaran hula. Ya kalli Isiyaku, wanda har lokacin yake riƙe da waya sama. Yatsan Suzana na nan inda ta ajiye shi.

Ya yi gyaran murya.

"A bar shi," in ji shi. "Sakatariya, ci gaba."